Yaƙin Malam Hambali da Bakin Rijiyar Inna Tasalla

Bayan godiya ga Mai kowa Mai komai, da neman tsari daga sharrin mantuwa da na ƙarin gishiri, wannan shi ne tarihin gwarzon zamani, tauraron Ɗorawar Sambo, ma'abocin alli da allo, Malam Hambali ɗan Tanimu Mai Awo, wanda ya shekara da shekaru yana auna gero a kasuwa ba a taɓa ganin ya yi wa mudu tozo ba, shi kuwa Tanimu ɗan Barmo Tela ne, wanda ke yanka wando daidai jikin mai shi cif, har aka wayi gari duk wanda ya ɗinka wa kayan salla a tsaye yake cin tuwon salla, shi kuwa Barmo ɗan Gajere Magini ne, wanda ya taɓa gina ƙofa daidai tsawon maigida ya manta maigidan yana sa hula. Zuri'a ce mai albarka wadda ba ta san ragi ba, ba ta kuma san gyara ba. Mai karatu ya riƙe wannan nasaba da kyau, don ba don ado na jero ta ba.

Amma ba'adu, shi Malam Hambali malamin lissafi ne a sakandaren jeka-ka-dawo ta garinmu. Sarkin Yaƙin Handasa ke nan, dodon 'yan aji uku, mai zana da'ira da hannu ɗaya yana hamma, mai raba kusurwa biyu ba ta yi ƙara ba, guguwa mai tashi da alli ta sauka da jan biro. An ruwaito cewa idan ya shigo aji da babban kamfas ɗinsa na katako a kafaɗa, har ƙadangarun taga sukan natsu. Duk faɗin garin nan babu mahalukin da yake shakka, in ka ɗauke mutum ɗaya.

Wannan mutum ɗaya kuwa ita ce surukarsa, Inna Tasalla, mai daddawa, mahaifiyar matarsa Karime. Gidan Inna gida ne na mutanen da, inda kunyar surukuta take nan da ranta ba ta ko yi furfura ba. Tun ranar da aka ɗaura aure Malam Hambali bai taɓa tsallake dokin ƙofar zaurenta ya shiga cikin gida ba. A bayan asabari yake durƙusawa ya cire hula ya yi gaisuwa da murya kamar ta mai mura, ita kuma ta amsa daga ciki a taƙaice. Ga shi Karime 'yar fari ce, don haka ita ma Inna ba ta kama sunanta, balle na mijinta. Idan tana da magana da shi, agwaginta take faɗa wa, da ƙarfi yadda na zaure zai ji. A bakin agwagin nan jarumin namu ya fara jin sunan da aka raɗa masa, wato Mai Alli, kuma a bakinsu ya ji cewa mijin ƙanwar Karime ya aiko da buhun masara, ya gyara katanga, ya sa kwano a ɗakin girki. Ba abin da Malam Hambali yake so a duniya kamar wata rana ya ji Inna ta faɗa wa agwagi kalma ɗaya mai daɗi a kansa. Wannan buri ya daɗe yana cin sa a rai, shi ya sa nake jin tausayinsa duk da abin da ya biyo baya.

Musabbabin yaƙi kuwa shi ne yaye. 'Yarsu Zuwaira ta isa a cire ta daga nono, kuma bisa al'ada gidan kaka ake kai yaro ya zauna har ya manta. To, a tsakar gidan Inna, dab da ƙofar zaure, akwai rijiya, murfinta na katako kuwa gara ta cinye shi tun da damina. Zuwaira ko ba ta san tsoro ba, duk ramin da ta gani sai ta leƙa. Rannan Malam Hambali na durƙushe a bayan asabari sai ya ji an ce, "Ku matsa daga bakin rijiya, ku agwagi. Ba ku ga a buɗe take ba? Wai yarinya za a kawo min. Da dai a ce alli na rufe rijiya, ai da mun huta."

Allahu Akbar! Da wannan kalami ya dira a kunnen Sarkin Yaƙin Handasa, sai jinin Tanimu da na Barmo da na Gajere suka haɗu suka tafasa a ƙirjinsa, ya miƙe ya buga kai da dogaran zaure, ya fita ya tsaya a gaban majalisar masu shan shayi ya sha alwashi cewa kafin ranar kasuwa ta wuce zai rufe rijiyar nan da murfin ƙarfe wanda ba a taɓa ganin irinsa ba tsakanin gabas da yamma. Jama'a suka ce Allah ya taimaka, suka ci gaba da shan shayinsu.

Sai dai ga cikas. Ba a yanka murfi sai an san faɗin bakin rijiya, rijiya kuwa na cikin gida, Inna kuma a gefenta take yini, ƙarƙashin bishiyar lemun tsami, tana tsintar kalwa. Ko unguwa ba ta zuwa. Karime, wadda Allah ya yi wa sauƙin kai, ta ce, "Malam, ai ba wani abu ba ne. Ba ni igiya in shiga in gwada maka, in ƙulla, in kawo." Jarumin ya dube ta irin duban da yake yi wa ɗalibin da ya zo jarrabawa ba fensir. "Igiya? Igiyar da ke miƙewa ta kuma tsuke? Sa'an nan gobe a ce wa agwagi Karime ce ta auna? Wallahi daga zaure zan ci rijiyar nan da yaƙi, ƙafata ba ta taka gidan ba." Karime ta ce to, ta koma kan wankinta.

Aka shiga tanadin makamai. Ya samo gora doguwa miƙaƙƙiya daga wurin masu rumfa, ya kafa mata ƙusa a kai tana kallon ƙasa, ya raɗa mata suna Ratsa-Gari. Ya cika aljihu da alli fari da ja, ya rataya tef ɗin awo a wuya kamar laya, ya ɗaure bakin wando. Dabarar yaƙin kuwa ga ta, ga mai son ilimi. Zai kwanta a zaure ya zura gorar ta ƙarƙashin asabari, ƙusa na jan ƙasa. Inda ƙusa ta faɗa rami, nan ne gaɓar rijiya ta kusa, sai ya yi wa gora alama daidai dokin ƙofa. Ya ci gaba da turawa har ƙusa ta daki bango, nan ne gaɓa ta nesa, ya sake alama. Layin da ya taso daga waje ya ratsa da'ira haka shi ne malaman boko ke kira sikant, guntun da ke cikin da'irar kuwa, daga gaɓa zuwa gaɓa, shi ne kod, wanda Malam Hambali ke ce wa tsirkiya, don yana ɗaure da baka biyu na da'ira kamar tsirkiyar maharbi. Tsirkiyar da ta fi kowace tsawo ita ce ta bi ta cibiya, ita ce kuma faɗin rijiya.

Da hantsin ranar fama, bayan ya yi gaisuwa an amsa, maimakon ya tashi sai ya kwanta rub da ciki a ƙasan zaure, ya yi kabbara a zuci, ya tura Ratsa-Gari cikin ƙasar abokan gaba. Masu tarihi sun yi saɓani a kan abin da Inna Tasalla ta ji da ta ga gora mai ƙusa tana rarrafowa daga zaure kamar maciji, amma sun haɗu a kan abin da ta yi. Ɗaga ƙafarta ta yi gorar ta wuce, ta ci gaba da tsintar kalwa. Kunya ba ta bar ta ta ga gorar ba, kamar yadda ba ta bar mai gorar ya yi bayani ba. Haka suka yini, shi bai turo komai ba, ita ba ta ga komai ba.

Amma rundunar agwagi ba ta san surukuta ba. Babban toron gidan, barde mai jan fuska wanda ya taɓa korar mai karanta mita, ya ga ƙusa na tafiya ya ɗauka tsutsa ce, ya far mata da sara, ya ja gora hagu, jarumi ya ja dama, alli ya karye, asabari ya girgiza, ƙura ta turnuƙe zaure, aka ji Sarkin Yaƙin Handasa yana kururuwa ƙasa-ƙasa don kada suruka ta ji, "Kai! Kai! Sakar min sikant!" A hari na biyu ƙusa ta kamo igiyar guga ta tura gugan cikin rijiya. A na uku ta kifar da ƙwaryar kalwa. Inna ta dubi agwagi ta ce, "Yau kuma iska ce ake yi mai ƙusa." Da wani jarumin ne, da nan ya janye. Namu sai ya share gumi da hula, ya ɗauko sabon alli.

Haƙuri ya yi rana. Ya tura ta nan tsirkiya ta fito gajera, ya karkata kaɗan ta ƙaru, ya ƙara karkatawa ta ƙaru, har ya kai inda in ya gota ko yaya sai ta fara raguwa. Nan ya tsaya, ya janyo gora ya ɗora tef. Daga dokin ƙofa zuwa gaɓar kusa ƙafa huɗu da rabi, zuwa gaɓar nesa ƙafa takwas. Faɗin bakin rijiya ke nan ƙafa uku da rabi. Amma jikan Barmo ba ya karɓar shaidar mutum ɗaya. Ya sake tura gora, wannan karon yana karkata ta gefe sannu a hankali, tsirkiya na tsukewa, na tsukewa, har ƙusa ta zo ta ɗan lashi gaɓar rijiya a wuri guda tak ta wuce. Wannan shi ne tanjant, layi mai kunya, wanda ke taɓa da'ira sau ɗaya ba ya shiga ciki, Malam Hambali na kiransa Shafa-ka-wuce. Ya auna, ƙafa shida.

To ƙa'idar magabata ta ce, idan layukan nan biyu sun taso daga wuri ɗaya, tsawon Shafa-ka-wuce sau kansa dole ya yi daidai da gaɓar kusa sau gaɓar nesa. Ya rubuta a ƙasan zaure da yatsa. Shida sau shida, talatin da shida. Huɗu da rabi sau takwas, talatin da shida. Jama'a, ranar nan an ga abin da ba a taɓa gani ba, an ga malamin sakandare ya fito daga zauren surukarsa da ƙasa har gira, gora a sama, yana gudu yana ihu, "Talatin da shida! Talatin da shida!" Masu shayi suka ɗauka sakamakon zaɓe ne.

Washegari ya shiga aji ya ajiye darasin ranar gefe, ya kafa dokin ƙofar Inna a matsayin mafarin awo, ya dasa cibiyar rijiya a ƙafa shida da kwata, ya ba ta rabin faɗi ƙafa ɗaya da kwata uku, ya rubuta lissafin da'irar tun daga wannan bango na allo har wancan, ya ja layi biyu a ƙasa da jan alli. Ɗalibai suka kwafe ba su san rijiyar wa suke kwafewa ba. Ni da kaina na duba lissafin nan daga baya, kuma ina shaida babu kuskure ko na ɗigo a cikinsa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Daga nan rundunar ta zarce rumfar Iliyasu mai walda. Jarumin ya zaɓi farantin ƙarfe mai kauri, ya ƙi yarda kowa ya taɓa, ya kafa babban kamfas ɗinsa ya zana da'ira da hannunsa, ƙafa uku da rabi cif. Ya tsaya a kan Iliyasu har aka gama yanka, yana faɗin, "A kan layi! Kada ka ƙara ko kaurin gashi!" Ya kuma hana a sa mariƙi, don a cewarsa da'ira ba ta da kunne. Aka goge gefen, aka shafa koren fenti, murfi ya fito yana ƙyalli, ba ragi ba gyara, yadda Tanimu zai so shi.

Ranar kasuwa da la'asar aka yi gangamin fatahu, wato na cin nasara. Murfi a baro, Malam Hambali a gaba cikin babbar rigarsa ta ɗaurin aure, masu shayi a baya da kofunansu a hannu, Karime da Zuwaira a goye da ƙullin kayan yaye. A ƙofar zaure maza suka tsaya, Karime da matan maƙwabta suka karɓi murfin suka gangara da shi ciki. Jarumin ya durƙusa a bayan asabari ya kafa kunne, yana jiran kalmar da ya yi shekaru yana jira.

Ya ji mata na cewa a ɗaga, a matsa, a sauke a hankali. Ya ji ƙarfe ya taɓa siminti. Ya ji wata ta ce, "Kai, kamar a nan aka haife shi!" Daɗi ya rufe shi har ya lumshe ido. Sai kuma ya ji wani sauti mai tsawo, suuuu, kamar ana zare wuƙa daga kube, a ƙarshensa aka ji ƙum, daga can ƙasa. Tsakar gida ta yi tsit, har agwagi.

Ga abin da ya faru, don masu zuwa baya su sani. Murfi yana zama a kan rijiya ne idan ya fi bakinta faɗi, ya sami gaɓar da zai ɗora kafaɗa. Na Malam Hambali kuwa daidai yake da bakin, bai fi shi da komai ba. Da matan suka sake shi, sai ya shige a kwance, lafiya lau, bai ko karkata ba, ya yi ta sulalewa har inda rijiyar ta ɗan tsuke, wajen tsayin mutum da rabi, ya cije a nan kamar an yi masa walda. Aka zura guga ya daki ƙarfe ya dawo a bushe. Aka zura ƙugiya ba ta sami abin kamawa ba, don da'ira ba ta da kunne. Rijiya dai ta rufu ga mai neman ruwa, ga yarinya mai leƙe kuwa tana nan a buɗe yadda take. Aka aika wa mai haƙar rijiya, aka ce ya tafi ci-rani, sai damina ta sauka.

Inna Tasalla ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe tana duban koren fentin da ke ƙyalli a can ƙasa, sannan ta juya wajen agwagi ta yanke hukunci. Yaye ba a fasa shi, don an riga an shafa wa nono maɗaci. Yarinya ba ta zama a gidan da ke da rami ba ruwa. Uwa da 'ya kuma ba sa kwana gida ɗaya a lokacin yaye. Saboda haka ita waccan, wato Karime, za ta zauna a nan ta tsare gida ta riƙa sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, ita kuwa Inna za ta ɗauki jikarta da kalwarta da agwaginta ta koma gidan da ke da famfo. Gida ɗaya ne mai famfo a dangin, kuma mai shi na durƙushe a bayan asabari yana ji.

Haka Sarkin Yaƙin Handasa, wanda ya ƙi igiya ya ɗauki gora don kada ya haɗa ido da surukarsa, ya wayi gari surukar na zaune a tsakar gidansa, a kan tabarmarsa, matarsa kuma na wata unguwa. Ya kwashe littattafansa da kamfas ya yi hijira zuwa zaurensa, ya rataya asabari. Wanka sai a makaranta, sauya riga sai an miƙo ta taga. Gidan da ya gina da guminsa ya koma yi masa Shafa-ka-wuce, ya taɓa ƙofa a wuri guda ya yi gaba.

Amma kada a ce bai sami abin da ya fita nema ba. Ranar farko da azahar yana zaune a zaure ya rafka tagumi, sai ya ji an ce daga ciki, "Ku agwagi, ku bar raina Mai Alli. Awo kam ya iya shi. Ban taɓa ganin wanda ya auna rijiya ya toshe ta daidai haka ba." Ya rasa ko godiya zai yi ko kuka, sai ya cire hula ya ce, "Allah ya ƙara girma."

Can sai asabari ya motsa, kwanon tuwo ya leƙo ta ƙasa, ana turo shi sannu a hankali da wata doguwar gora. Ya duba da kyau, sai ga alamun allinsa fari da ja a jikinta. Ratsa-Gari ce, an cire mata ƙusa. Ta kawo kwanon har gabansa ta tsaya, ta koma ciki.

Nan tawadar wannan tarihi ta ƙare, Allah ya gafarta wa mai rubutu da mai karatu da mai awo. Tuwon kuwa an yi masa tozo, miya har tana zuba.